Algaita Biyu: Ta Kumatu da Ta Salka

 Yau zancenmu na busa ne. Za mu ɗora algaita biyu a kan sikeli mu auna su. Ta farko ka san ta. Ita ce wadda ake busa wa Sarkin Damagaram a ƙofar fada, da kuma ranar hawan salla. Ta biyu ta wata ƙasa ce mai nisa, mai duwatsu da sanyi, ana ce da ita Sikotilan, can arewa da Ingila. Wataƙila ka taɓa ganinta a telebijin, ko a wayar wani yaro. Za ka ga ƙato ya ɗaura zane mai gidan dara iya gwiwa, ya matse wata jaka a hammata, sanduna uku sun kwanta a kafaɗarsa, yana tafe yana busa. Sojan Nijeriya ma suna busa ta wajen fareti, gama Turawan Ingila ne suka bar musu ita.

Me ya sa za mu auna su? Domin in mun yabi mabushi mu yabe shi da sani, in mun kushe shi mu kushe shi da hujja. Kuma muna so mu gane abin da zai hana tamu ta ɓace.

Yadda aka gina su

Kafin mabushinmu ya sa algaita a baki, sai ta bi ta hannun mutum uku. Masassaƙi shi ke yin gangar jikinta da itace, siririya daga sama, tana buɗewa zuwa ƙasa kamar mazurari. Ya rarake cikinta, ya huda ramukan yatsu uku ko huɗu. Baduku ya ɗinka mata rigar fata don ta riƙe itacen, kada iska ta tsere. Maƙeri ya yi mata ɗan bututun ƙarfe da ɗan faifai inda leɓe ke jingina. A kan bututun nan ake cusa ɗan karan ciyawa wanda aka matse bakinsa. Shi ne harshen algaita. In iska ta bi ta cikinsa sai ya yi rawa, rawar nan ita ce ƙarar da kake ji.

Ta Sikotilan ita ma da irin wannan harshe take kuka. Bambancin shi ne an ƙara mata jakar fata, tamkar salkar ruwa. Saboda haka a nan za mu riƙa ce da ita algaitar salka. Mabushi yana hura iska cikin salkar ta wani bututu, yana matsa ta da hannu kamar mai zuga. Daga salkar iska ke rabuwa gida huɗu. Kashi ɗaya ya tafi ga ƴar algaitar da ke gaba, mai ramuka takwas, wadda ke ba da murya tara. Kashi uku su tafi ga sandunan kafaɗa, biyu gajeru, ɗaya doguwa. Su ba su da ramukan yatsu. Guɗa ɗaya suke yi, kamar kukan zuma a amya, tun daga farkon busa har ƙarshenta.

Ka ga ke nan dangi ne. Har sunan ma ya nuna. A Maroko ana kiran irin tamu gaita. A arewacin Sifen kuwa, mai salkar ce ake kira gaita. Mutanen Tunisiya ma suna da tasu mai salka, suna ce da ita mizwad, wato jakar guzuri.

Awo huɗu na gane gwani

Da yawanmu in mun ji algaita sai mu ce ta yi daɗi, shi ke nan. Amma gwani da ɗan koyo ba ɗaya ba ne. Ga awo huɗu da za ka auna mabushi da su.

Na ɗaya, numfashi. Dubi kumatun gwani. Sun cika fam, ba sa saɓewa. Yana tara iska a baki, yana tura ta da kumatu, a daidai lokacin nan kuma yana shaƙar wata ta hanci. Shi ya sa busarsa ba ta yankewa. In kana so ka san wuyar abin, ɗebo ruwa a ƙwarya, ka sa ɗan kara mai rami a ciki, ka hura. Yi ƙoƙari kumfa ya yi ta fita ba tsayawa, kai kuwa kana numfashi ta hanci. Aikin da salka ke yi wa mutumin Sikotilan, shi mabushinmu ke yi da naman fuskarsa. In ka ji murya tana faɗuwa duk sa'ad da ya shaƙi iska, to, da sauransa.

Na biyu, magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Faɗi kuka na hawaye, sa'an nan ka faɗi kuka ta miya. Rubutunsu ɗaya, amma kunnenka ya raba su. Algaita tana bin hawa da saukar nan, har ta faɗi take da kirari. Gwani shi ne wanda in ya busa, tsohon da ke bayan danga zai gaya maka abin da ya ce, kalma bayan kalma. Wanda yatsunsa ke gudu amma ba a jin me yake faɗi, surutu yake yi.

Na uku, tafiya da ganga. Algaita ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai ƴan ganga, akwai masu kakaki, wanda ba a busa wa kowa sai sarki. Gwani ya san inda zai shiga da inda zai ba da hanya. Kakaki murya biyu gare shi, amma in ya ɗaga, sai algaita ta rusuna masa. Mabushin da ke tsere da ganga don a ji shi ya ɓata wa kowa aiki.

Na huɗu, sanin mutane. Sarki da takensa, Ciroma da nasa, Galadima da nasa. Gwani yana hango rawani daga nesa ya san abin da zai busa. Ya san uban mutum da kakansa. Don haka cikinsa littafin tarihi ne. Wanda ya rasa wannan awo, ko ya cika ukun farko, bai isa a ce da shi mabushin fada ba.

Inda kowace ta fi

To, bari mu ɗora su a sikeli. Wajen magana tamu ta yi gaba. Harshen algaitar salka a rufe yake cikin itace, baki ba ya taɓa shi. Mabushinta ba ya iya lanƙwasa murya da numfashi. Muryoyinta tara, tsayayyu ne. Shi kuwa namu, da ramuka huɗu kawai, yana ƙara iska, ya rage iska, ya rufe rabin rami, har itace ya kira sunan mutum. Wannan gwaninta ce babba, kada wani ya raina maka ita.

Wajen cika kunne kuwa, tasu ta fi. Guɗar sandunan nan uku kamar tabarma ce da aka shimfiɗa, waƙar ta zauna a kanta. Mutum ɗaya yana busa, kai ka ce mutum huɗu ne. Kuma tun da salka ba ta barin murya ta tsaya, sun ƙware wajen fizgar yatsu don su raba murya da murya. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne haɗin kansu. Mutum 20 su jeru, su fara tare, su tsaya tare, kamar da wuƙa aka yanke. A nan sau da yawa in mabusa uku sun haɗu, kowa da inda tasa ta dosa, domin algaitun ba awo ɗaya aka yi su ba.

Amma haɗin kan nan yana da nasa aibi. Yawan gasa da bin littafi ya sa busarsu ta yi kama da juna, kamar tufafin soja. In ka ji ƙungiya biyar a jere, da wuya baƙon kunne ya raba su. Mu kuwa kowane mabushi da muryarsa.

Yanzu mu dubi namu aibin, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai mabusan da in sun ga mai kuɗi a wurin biki sai su busa masa taken da ba nasa ba. Yau a ba wannan, gobe a ba wancan, har take ya zama kamar hular aro. Akwai masu zuwa da algaita tsagaggiya, an ɗaure ta da robar taya, tana kuka kamar ƙofar kwano. Akwai masu biki da ke kunna fiyano da lasifika, su bar mabushi yana kumbura kumatu ba mai jinsa. Mu ƴan kallo ma da namu laifi. Muna son busa ranar salla, amma in ɗanmu ya ce zai koya, sai mu ce bai gaji roƙo ba.

Yadda tasu ta sami gata

A da, mabusan Sikotilan ma na fada ne. Kowane babban gida da mabushinsa na gado. Mafi suna su ne zuriyar Makirimon, waɗanda suka daɗe suna yi wa shugabannin gidan Makalawud busa a tsibirin Sikayi. Da baki suke koyarwa. Malami ya rera wasu kalmomi marasa ma'ana, kowace tana nufin murya kaza da motsin yatsa kaza, almajiri ya maimaita. Haka makaɗanmu ke koya wa yara kiɗa da baki.

A 1746 sojan gwamnatin Birtaniya suka ci mutanen duwatsun Sikotilan da yaƙi. Aka karɓe ikon shugabanninsu, aka hana su ɗaukar makamai da sa tufafinsu na gado. Da fada ta yi rauni, sai mabusa suka fara rasa mai ciyar da su. Me ya ceci busar? Soja sun ɗauke ta, wannan gaskiya ne. Amma akwai abu uku da suka fi wannan. A 1781 wata ƙungiya ta mutanen duwatsun da ke zaune a Landan ta shirya gasar busa a garin Falkirk, da kyauta ga wanda ya ci. A 1797 wani mabushi, Kolin Kambel, ya zauna ya rubuta kalmomin nan na baki da baƙaƙe irin waɗanda kake karantawa yanzu. Littattafansa biyu da suka tsira suna ɗauke da busa fiye da 160. A 1944 kuma aka buɗe makarantar busa a birnin Gilasgo. A birnin nan ne ake yin gasar ƙungiyoyin busa ta duniya a watan Agusta, har daga Kanada da Ostareliya ana zuwa. Manomi yana busa, likita yana busa, mata suna busa, ba don roƙo ba, don sha'awa da tunawa da kakanni.

Mu ma mun ga irin wannan rana. Sarautar Damagaram daga wajen Barno ta samo asali, ƙasar da algaita ke da daraja ƙwarai. Ta ƙasaita a zamanin Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya rasu a 1884. A 1899 Faransawa suka ci garin, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, gari ya zauna ba cikakken sarki har 1923, sa'ad da aka naɗa Barma Mustafa. Sarauta ta dawo, busa ta sami inuwarta. Mun gode Allah. Amma lura da wannan: tamu inuwa ɗaya gare ta, wato fada. Tasu kuwa ta ƙara uku: gasa, littafi, da makaranta. Tasu ba ta fi tamu baki ba, gata ta fi ta.

Masassaƙi, wanda ba a yi wa kirari

Akwai mutumin da kowa ke mantawa. Ranar hawa ana yi wa mabushi kyauta, amma wa ya taɓa tambayar wanda ya sassaƙa algaitar? Alhali muryar tun daga hannunsa take farawa. In ramin ciki ya karkace, ko ramin yatsa ya goce kaɗan, ko Sarkin Busa ne ya ɗauka ba za ta faɗi gaskiya ba.

A Sikotilan da inji mai juya itace ake yin wannan aiki. Ana kafa guntun itace tsakanin tsinin ƙarfe biyu, inji ya yi ta juya shi da sauri. Masassaƙi ya kanga masa kaifin ƙarfe, itace ya yi ta zubar da ɓawo har ya zama mulmulalle, ko'ina daidai. Sa'an nan a huda cikinsa da dogon ƙarfe, a gyara ramin bisa awo. Awon nan a rubuce yake. Shi ya sa algaitu 20 ke iya yin murya ɗaya. Shi ya sa kuma za ka sami malamin makaranta ko ma'aikacin ofis ya sayi ɗan injin ya ajiye a bayan gida. In ya taso daga aiki ya yi ta juya akushi da sanda, wani har ya kai ga gwada algaita.

Ga wani abin lura. Itacen da suka fi so ba a ƙasarsu yake tsira ba. Baƙin itace ne na Afirka, daga Tanzaniya da Mozambik, wanda masu jin Suwahili ke kira mpingo. Don nauyi, in ka jefa shi a ruwa nutsewa yake. Yana shekara 70 ko fiye kafin ya isa sara, bayan an sare kuma sai ya shekara da shekaru yana bushewa. Saboda yawan sara, tun 2017 sai da takardar izini ake fitar da gungumensa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙungiyoyi da yawa ma sun koma ga ƴar algaitar roba. Wato su ma suna da tasu damuwa.

Masassaƙinmu da gizago da wuƙa yake aiki. Awonsa a yatsunsa yake da idonsa. Wannan abin yabo ne, kuma abin tsoro ne, domin ran da ya kwanta dama, awon ya bi shi kushewa. Shin mu koma ga inji? Ga ra'ayina. Inji ya fi hannu wajen daidaita jiki da miƙar da rami. Kafintocin birni da ke juya ƙafafun gado suna iya wannan in an nuna musu. Ba dole sai da lantarki ba. A kasuwar Marakesh ta Maroko akwai masu juya itace da baka da tsirkiya, suna riƙe ƙarfen da yatsun ƙafa. Amma inji ba shi da kunne. Huda ramukan yatsu da gwada murya, a bar wa tsohon masassaƙi da mabushi, su zauna tare. In aka bar wa inji kome, za mu sami algaita mai sheƙi wadda ba ta jin Hausa.

Sai maganar itace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga wajen 1985 manoman kudancin Nijar suka rungumi sassaben zamani, suna barin toho a gona suna yi masa aski. Masana sun ƙiyasta itatuwan da aka samu ta haka sun kai miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Wanda ya bi ta Mirya da Matamaye da Magarya ya ga gawo da idonsa. Madalla. Amma masassaƙi yana bukatar itace mai tauri, irin su ƙirya da kanya da aduwa, su kuwa ba sa saurin girma. In ka ga tohonsu a gonarka, ka bar shi. Turmin jikarka da allon jikanka da algaitar garinku duk suna cikinsa.

Aikin da ke gabanmu

Kada ka ce wannan aikin manya ne. Dubi Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker a nan jihar Damagaram. Malamin makaranta ne, mai kaɗa gurmi. Ya ji labarin biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma a tafkin Cadi, wanda saura tsoho ɗaya ya iya shi, Bukar Tar. A 2002 ya tafi ya durƙusa gaban tsohon nan ya koya. Daga baya ya kai biram har Turai. Ya rasu a 2018, amma kiɗan yana nan a faifai. Da ya yi jinkiri kaɗan, da ya tarar da kabari.

Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu kana da abin da kakanka ba shi da shi. Kana da alƙalami. Ga aiki huɗu da ku da malaminku za ku iya yi a ranin nan.

1. Ku rubuta sunayen mabusan da ke ƙasarku, da na waɗanda suka koya musu, har iyakar inda aka tuna.

2. Ku nemi mai sassaƙa algaita. Ku gaishe shi da goro, ku nemi izininsa. Ku rubuta irin itacen da yake zaɓa, da watan da yake sara, da daɗewar da yake bari ya bushe. Ku auna tsawon algaitar da nisan ramukanta da santimita.

3. Ku roƙi mabushi ya busa take, sa'an nan ya faɗe shi da baki. Ku rubuta kalmomin, da sunan mai taken, da dalilinsa. Mai waya ya ɗauki muryar.

4. Ku shawarci mai gari a sa rana ɗaya bayan kaka, mabusa su gwada gwaninta, dattawa su yi alƙalanci da awo huɗun nan. In an ba gwani kyauta, a ba wanda ya sassaƙa masa algaita rabonsa a gaban jama'a.

In kun gama, ku yi kwafi biyu. Ɗaya ya zauna a ajinku, ɗaya ku aiko mana mu buga, mutanen wasu garuruwa su karanta su gwada da nasu. In kuma wani yaro ya ce yana son busa ko sassaƙa, ko da bai gada ba, kada a kore shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ran da ka sake jin algaita a ƙofar fada, tsaya ka kasa kunne. Dubi kumatu, ka nemi maganar, ka ji yadda take tafiya da ganga. In mabushi ya cika awo, yabon gwani ya zama dole. Bayan ka yabe shi, ka tambaye shi wanda ya yi masa algaitar, ka rubuta sunan.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani.